Ƙungiya mai gurbi na 6 a diraf ɗin NFL: ta ɗauki kwatabak ko ta haƙura zuwa baɗi?

Ɗan_Kallo:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu bin babbar gasar ƙwallon Amurka, wato NFL, sosai ce. A ɗauka ƙungiya ta gama kaka da nasara 5 da shan kashi 12, gurbi na 6 ya faɗo mata a zaɓen sababbin 'yan wasa na watan Afrilu, wato diraf, inda ƙungiyar da ta fi shan kashi ke fara zaɓa a zagayen farko. Kwatabak ɗinta, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari, ya kai shekara 33, ba ya kunyata ta, amma kuma ba ya kai ta ko'ina, kuma saura shekara guda kwantiraginsa ya ƙare. Katangar gabanta, mutum biyar ɗin nan masu kare shi, duk a ɓule take. Cikin 'yan kwalejin bana kwatabak uku ake magana, ana kuma zaton biyu za su tafi kafin layi ya zo kanta. Ta ɗauki na ukun ne, ko ta yi musayar gurabe ta sayi hanya ta hau sama, ko ta gyara katanga ta jira baɗi? Hujja da lissafi nake so, ba "yaron yana da zuciya" ba.

Mai_Lissafi:

Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Kallo, fara da kuɗi, don a nan amsar ta fi fitowa fili.

Kafin 2011 ɗaukar kwatabak a sama caca ce mai tsada. A 2010 Rams ta ba Sam Bradford dala miliyan 78 na shekara shida, miliyan 50 daga ciki lamuntattu ne, alhali bai taɓa jefa ƙwallo a NFL ba. Yarjejeniyar ƙungiyoyi da 'yan wasa ta 2011 ta ƙayyade albashin sababbin shiga, shi ya sa Cam Newton da ya zo na ɗaya a shekarar bai wuce kimanin miliyan 22 na shekara huɗu ba. Tun daga nan lissafin ya juye. Duk wanda aka ɗauka a zagayen farko yana sa hannu a kwantiragin shekara huɗu, ƙungiya kuma tana da zaɓin ƙara ta biyar, kuma ba shi da damar neman sabon ciniki sai ya cika kaka uku.

Duba 2024. Iyakar albashin kowace ƙungiya dala miliyan 255.4 ce. Caleb Williams, na ɗaya a shekarar, kwantiraginsa kimanin miliyan 39.5 ne na shekara huɗu, wato bai kai miliyan 10 a shekara ba. A shekarar dai Dallas ta ba Dak Prescott miliyan 240 na shekara huɗu, miliyan 60 ke nan a shekara. Tazarar miliyan 50 ɗin nan ita ce ribar ɗaukar yaro. Da ita ake sayen ƙwararru biyu ko uku a katanga, ko mai karɓar ƙwallo da mai farautar kwatabak ɗin abokan hamayya. Haka Seattle ta yi da Russell Wilson, ɗan zagaye na uku a 2012: albashinsa kaɗan, kuɗin ya tafi wajen 'yan baya, ta ɗauki Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, a Fabrairun 2014 da ci 43 da 8 a kan Denver. San Francisco ma ta kai wasan ƙarshe a Fabrairun 2024 da Brock Purdy, wanda albashinsa na shekara bai kai miliyan ɗaya ba a lokacin.

Sai dai agogo yana tafiya. Shekarun arahar huɗu ne, ta biyar ɗin ba araha ba ce sosai: farashinta yana hawa gwargwadon yawan wasan da yaron ya buga da kuma ko an zaɓe shi Pro Bowl, wato jerin taurarin shekara, kuma tun yarjejeniyar 2020, da zarar ƙungiya ta ce tana so, kuɗin ya zama lamuntacce gaba ɗaya. Dole ne ta yanke shawara a farkon watan Mayu bayan kakarsa ta uku. Ke nan kaka uku kacal gare ta ta gane ko shi ne. New York Giants ta ƙi ɗaukar shekara ta biyar ta Daniel Jones, ya yi kaka guda mai kyau, ta ba shi miliyan 160 a 2023, ta sallame shi a Nuwamban 2024. Irin abin da rashin yanke hukunci da wuri ke jawowa ke nan.

A nawa ganin, idan masu duba 'yan wasanta sun yarda da na ukun nan, ta ɗauke shi a gurbi na 6. Ko bai yi ba, asarar ba ta karya ƙungiya kamar da. Arizona ta ɗauki Josh Rosen na 10 a 2018, ta gama da nasara 3 kawai, ta ɗauki Kyler Murray na ɗaya a 2019, ta tura Rosen Miami, duniya ba ta tashi ba.

Tsohon_Hannu:

Lissafin Mai_Lissafi daidai ne a takarda, amma ya tsallake jimla guda a tambayar: katanga a ɓule take. Wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kwatabak a NFL yana da daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku daga karɓar ƙwallo zuwa jefawa. A cikinsu zai duba mai karɓa na farko, in a rufe yake ya koma na biyu, sannan na uku. Yaron da ake kayarwa sau huɗu ko biyar a kowane wasa yakan daina duban fili, idonsa ya koma kan masu zuwa kansa. Daga nan ƙafafunsa su lalace: ya riƙa jifa yana ja da baya, nauyinsa a kan ƙafar baya, ƙwallo ta riƙa tashi sama ta wuce mai karɓa ta faɗa hannun ɗan baya. Ɗabi'ar in ta kama mutum da wuya ta sake shi. David Carr shi ne misalin da kowa ke kawowa, kuma da dalili: na ɗaya a 2002, sabuwar ƙungiyar Houston, aka kayar da shi sau 76 a wasa 16, adadin da har yau ba a wuce ba a kaka guda. Bryce Young ya sha 62 a 2023, Caleb Williams 68 a 2024. Joe Burrow kuwa gwiwarsa ce ta tafi a Nuwamban 2020, a wasansa na goma.

Kada a ce na ɗora komai a kan katanga. Wani kason kayarwar laifin mai ƙwallon ne, yaron da ya saba riƙe ta yana jiran babban jifa. Amma mummunar katanga da sabon yaro in suka haɗu, kowanne yana ƙara ɓata ɗaya.

Abu na biyu, wanda ya fi katangar ma muhimmanci a wurina: wa zai koyar da shi, kuma zai kai baɗi a kujerarsa? Ƙungiya mai nasara 5 sau da yawa kocinta yana bakin kora. In aka ɗauki yaro a Afrilu aka kori koci a Disamba, sabon koci zai zo da nasa tsarin hari, da nasa sunayen dabaru, da nasa ƙa'idar taku, kuma ba shi ya zaɓi yaron ba. Baker Mayfield ya yi aiki ƙarƙashin manyan kociyoyi huɗu a kakarsa uku na farko a Cleveland. Trevor Lawrence ya fara da Urban Meyer, wanda aka kora bayan wasa 13. Chicago ta kori mai tsara harinta da babban kocinta duk a Nuwamban shekarar farko ta Williams. Yadda Mayfield ya farfaɗo a Tampa Bay, da yadda Sam Darnold ya kai Minnesota nasara 14 a 2024, ya nuna cewa wasu da ake kira asara ba su ne asarar ba, gidan da suka fara sauka ne.

Ga sharuɗɗana kafin a ɗauka. Koci da babban manaja su kasance kwantiraginsu ya yi daidai da na yaron, aƙalla shekara uku a gaba. Mai tsaron gefen hagu na katanga, wanda ke kare bayan mai jifa da dama, ya zama abin dogaro. A samu mai karɓa ko da guda ɗaya da ke iya ƙwace kansa daga mai tsaronsa. In biyu daga cikin ukun nan babu, a ɗauki ɗan katanga a gurbi na 6.

Tsohon mai shekara 33 ɗin ma kada a raina shi, da tsohuwar zuma ake magani. Patrick Mahomes ya zauna a benci bayan Alex Smith kusan duk kakar 2017, wasan ƙarshe kawai ya fara, a 2018 ya jefa tacdawun 50, wato jifan da ke kai ƙwallo gidan ci, ya zama gwarzon kaka. Shekara guda a benci tana da amfani. Uku kuwa ta yi yawa a wannan zamani: Jordan Love ya zauna shekara uku bayan Aaron Rodgers, ya fito da kyau, amma Green Bay ta ƙona shekarun arahar tana kallo, bayan kaka guda da fara wasa ta biya shi miliyan 220.

'Yar_Faifai:

Yayyena, duk kun yi magana a kan gida da kuɗi, ba wanda ya tambayi wane ne na ukun. Kasancewarsa na uku a shekararsa ba ya nufin komai. A 2018 na ukun Josh Allen ne, na biyar kuma Lamar Jackson a gurbi na 32, dukansu sun zama gwarzon kaka daga baya. A 2021 an ɗauki biyar a gurabe 15 na farko, Lawrence, Zach Wilson, Trey Lance, Justin Fields da Mac Jones, zuwa kakar 2024 Lawrence kaɗai ya rage a ƙungiyar da ta ɗauke shi. A 2022 mutum ɗaya tak aka ɗauka a zagayen farko, Kenny Pickett na 20. A 2024 shida suka tafi a gurabe 12 na farko. Shekaru ba ɗaya ba ne, kuma babban kuskure shi ne buƙata ta sa a ɗaga ɗan zagaye na biyu a kai shi gurbi na 6.

Abin da ake dubawa a faifan wasanninsa, ba a taƙaitattun bidiyon bajinta ba:

A ware duk jifan da ya yi a yunƙuri na uku, cikin huɗun da ake ba ƙungiya ta ci yadi goma, da saura yadi bakwai ko fiye. A nan abokan hamayya sun san jifa za a yi, babu yaudarar da za ta taimake shi. A duba ko yana sakin ƙwallo kafin mai karɓa ya juya, ko sai ya gan shi a buɗe tukuna. A kwaleji mutum yakan buɗe da yadi biyu ko uku, a NFL taku ɗaya ne, wanda ya jira ya gani da ido ya makara. Sannan a ƙirga sau nawa matsin lamba ke ƙarewa da kayar da shi. Wannan ɗabi'a tana bin ɗan wasa daga kwaleji zuwa NFL fiye da yawancin alƙaluma.

Filin ma ya bambanta. Layukan tsakiya da ake ajiye ƙwallo a kansu, a kwaleji tazararsu ƙafa 40 ce, a NFL ƙafa 18 da inci 6. Don haka a kwaleji gefe ɗaya yakan yi faɗi sosai, masu tsaro su bayyana niyyarsu tun kafin a fara. A NFL ƙwallo kusan kullum a tsakiya take, 'yan baya suna ɓoye tsarinsu su sauya bayan an ɗaga ta. Rediyon da ke cikin hularsa kuma ana yanke shi in saura daƙiƙa 15 a agogon wasa, daga nan shi kaɗai ne da idonsa. Shi ya sa zaman allo ya fi gudun yadi 40 da ake yi a taron gwajin 'yan kwaleji na Indianapolis amfani: a zana masa dabara, a ɗauke hankalinsa da wata hira, a dawo a ce ya sake zana ta ya faɗi aikin kowa.

Sai yawan wasannin da ya fara a kwaleji. Mitch Trubisky 13 ne, Anthony Richardson 13, Lance 17, duk an ɗauke su cikin huɗun farko. Bo Nix kuwa 61 ya fara, Jayden Daniels ya haura 50, dukansu sun kai ƙungiyoyinsu wasannin sili-ɗaya-ƙwale a shekarar farko. Ba doka ba ce, amma mai wasa 13 ba shi da isasshen faifan da za a auna shi, ƙungiya tana sayen tsawo da ƙarfin hannu ne da fata. Allen shi ne hujjar masu wannan fata: kashi 52.8 cikin ɗari na jifansa ne suka isa a shekararsa ta farko, ya kai 69.2 a 2020. Amma fa koci ɗaya da mai tsara hari ɗaya ya yi duk waɗannan shekaru da su, kuma a 2020 ɗin ne Buffalo ta kawo masa Stefon Diggs. Maganar Tsohon_Hannu ce ta dawo.

Ɗan_Kallo:

Na gode ƙwarai. To in na ukun bai ci wannan jarrabawa ba, amma na biyun ya ci, nawa ne kuɗin hawa daga 6 zuwa 2? Kuma yaushe ne farashin ya zama wauta?

Mai_Lissafi:

Akwai jadawalin maki da Dallas ta fito da shi zamanin Jimmy Johnson a farkon shekarun 1990, har yau da shi ake fara ciniki ko da yake ƙungiyoyi suna da nasu sababbi. Gurbi na 1 maki 3,000 ne, na 2 maki 2,600, na 3 maki 2,200, na 6 maki 1,600. Tazarar 6 zuwa 2 maki 1,000 ke nan, daidai da darajar gurbi na 16. Gurbin ƙungiyar na zagaye na biyu, na 38, maki 520 ne, bai isa ba. Dole ta sa zagayen farko na baɗi, kuma in an san kwatabak take nema, mai sayarwa sai ya ƙara kuɗi.

Haɗarin yana cikin gurbin baɗin. Ƙungiya tana bayar da shi tana zaton zai faɗo wajen 20, alhali ita ƙungiya ce mai nasara 5 da za ta sa sabon yaro. A 2023 Carolina ta hau daga 9 zuwa 1 don Bryce Young: ta ba Chicago gurbi na 9, na 61, zagayen farko na 2024, zagaye na biyu na 2025, da mai karɓarta mafi kyau, DJ Moore. Ta gama kakar da nasara 2, gurbin da ta bayar ya zama na ɗaya a 2024, Chicago ta ɗauki Williams da shi. Wato ta sayi yaro da kayan da za ta taimake shi da su. San Francisco ta hau daga 12 zuwa 3 a 2021 da zagayen farko na 2022 da na 2023 da wani na zagaye na uku, Lance ya fara mata wasa huɗu kacal, ta sayar da shi ga Dallas a kan zagaye na huɗu. Ita ta tsira ne don sauran ƙungiyar a cike take, kuma Purdy ya faɗo mata a gurbi na 262, na ƙarshe a diraf ɗin 2022.

Wanda ya yi kyau shi ne na Kansas City a 2017: daga 27 zuwa 10, ta ba Buffalo zagaye na uku da zagayen farko na 2018. Lura da bambancin. Ita ƙungiya ce mai cin wasa, don haka gurbin da ta bayar ya faɗo can ƙasa, na 22. Mai ƙarfi yana iya bayar da gurbin baɗi. Mai rauni kamar ta tambayarka, iyakarta gurbi ɗaya na gaba, kuma kada ta haɗa da ɗan wasan da yaron zai dogara da shi. In mai sayarwa ya ce sai biyu, ta ajiye waya.

Baba_Benci:

Akwai hanyar da ba ku taɓa ba. Ta ɗauki ɗan katanga a 6, sannan ta yi amfani da gurbi na 38 ta ɗan hau zuwa ƙarshen zagayen farko. Daga 38 zuwa 32 maki 70 ne kawai a jadawalin, kuma ɗan gurbi na 32 yana zuwa da zaɓin shekara ta biyar, ɗan 33 ba shi da shi. Baltimore ta yi irin wannan hawan a 2018 ta ɗauki Jackson, bayan ta riga ta ɗauki wani ɗan wasa a zagayen. Philadelphia ta ɗauki Jalen Hurts na 53 a 2020 alhali ba ta daɗe da ba Carson Wentz miliyan 128 ba, aka yi ta zaginta, shi ne kuma ya zama gwarzon Super Bowl a Fabrairun 2025.

Amma kada a ruɗu da Tom Brady na 199 ko Purdy. Ana tuna su ne don ba su da yawa. Yawancin 'yan zagaye na huɗu zuwa bakwai a benci suke ƙarewa, wannan ba tsari ba ne, sa'a ce.

Sayen gogagge daga waje kuma sai ƙungiyar da kwatabak kaɗai ya rage mata. Rams ta bayar da Jared Goff da zagayen farko biyu da na uku ɗaya a kan Matthew Stafford a 2021, ta ɗauki kofi a kakar. Denver ta yi irin haka da Russell Wilson a 2022, ta sallame shi a Maris 2024 da mataccen kuɗi miliyan 85. Yadda hakan ke faruwa: kuɗin sa hannu ana biyan sa nan take, amma a littafin iyakar albashi ana raba shi a kan shekarun kwantiragi, har zuwa biyar. Ranar da aka sallami mutum, ragowar da ba a ƙirga ba da duk abin da aka lamunce masa sai su faɗo wa ƙungiya, tana biyan wanda ba ya buga mata wasa. Abin da ya fi ban haushi shi ne haɗa biyun: Atlanta ta ba Kirk Cousins miliyan 180 a Maris 2024, ta ɗauki Michael Penix na 8 a Afrilu. Ta biya farashin gogagge, ta kuma kashe gurbin da zai taimake shi, shekarun arahar Penix kuma suka fara tafiya yana benci.

'Yar_Faifai:

Baba, hanyarka ta 32 tana da kyau, sai dai jiran baɗi da ake ta faɗa yana da nasa tarko. In ta gyara katanga, tsohon ya kai ta nasara 8, gurbinta na baɗi zai faɗo wajen 14 zuwa 17, inda manyan kwatabak ba sa kaiwa, kuma kwantiragin tsohon ya ƙare. Sai ta koma sayen hanya da tsada fiye da bana. Don haka in ta ƙi ɗauka a 6, kada ta tsaya a nan: ta nemi mai son hawa ta sauka zuwa 12 ko 15, ta karɓi zagayen farko na baɗi a hannunsa. Ɗan katanga mai kyau yakan samu a wajen, kuma ta shiga Afrilu mai zuwa da gurabe biyu na zagayen farko, nata da na wani. Sannan ta ƙara wa tsohon shekara guda, da sharaɗin kuɗin shekara ta biyun ba lamuntacce ba ne.